Na raba netwok ɗin makarantarmu da VLAN, kwamfutoci sun daina samun adireshi: ina matsalar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ke kula da kwamfutoci a wata makarantar kuɗi da ke wajen Hotoro. Muna da rauta MikroTik, da suwic TP-Link mai kafa 24, wato wuraren soka waya, irin wanda ake saitawa, da wani Cisco 2960 na hannu a ɗakin kwamfuta. Ofishin akawu, ɗakin ɗalibai, kyamarori da Wi-Fi duk a haɗe suke, har wani yaro ya buɗe fayilolin ofis. Na ƙirƙiri VLAN 20, wato keɓaɓɓen sashe a cikin netwok ɗin, don ɗalibai, sai intanet ta ɗauke musu, adireshinsu ya koma 169.254. Ina kuskuren yake, kuma ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Lambar nan ta 169.254 ta riga ta faɗi ciwon. Idan Windows ta nemi adireshi daga DHCP, wato tsarin da rauta ke raba wa na'urori adireshi da shi, ba ta ji amsa ba, sai ta zaɓar wa kanta ɗaya daga wannan rukuni. Ke nan kiran kwamfutar bai isa rauta ba, ko kuma ya isa amma ba wanda ke sauraro a can. Suwic ɗinka ƙalau yake. Abin da ka umarce shi da shi ya yi: ya raba ɗaliban da kowa, har da rautar da za ta ba su adireshin.

Kafin ka sake taɓa wani saiti, ina so abu ɗaya ya zauna maka sosai, don idan ya zauna, Cisco da TP-Link da MikroTik duk aiki ɗaya za ka ga suna yi, allonsu ne kawai ya bambanta.

Bayanai a wayar netwok suna tafiya ne ƙunshi-ƙunshi. Ƙa'idar da VLAN ke aiki da ita, IEEE 802.1Q, wadda ta fito a 1998, ta ce a cusa wa ƙunshi tambari mai bayit 4 a bayan adireshin MAC na mai aikawa, wato lambar shaidar da na'urar ta zo da ita. Shi ya sa ƙunshin da iyakarsa bayit 1518 ke kaiwa 1522. A cikin tambarin akwai bit 12 na lambar VLAN, wato lambobi 4096. An ware 0 da 4095, saura 4094 na amfani. Akwai kuma bit 3 na fifiko, wanda ke da amfani idan kuna da wayoyin tebur masu bin netwok. Iyakar abin ke nan. Sauran aikin duk amsa tambaya biyu ce a kan kowace kafa: wa ke liƙa tambarin, wa ke cire shi?

Kwamfutar ɗalibi, firinta da kyamara a yadda suka zo ba su san tambari ba. Ƙunshi tsura suke aikawa, tsura kuma suke so ya zo musu. Don haka kafar da aka jona su tana da aiki biyu. Idan ƙunshi ya shigo tsura, suwic ya duba lambar da aka rubuta wa kafar a gurbin PVID, ya ce wannan ɗan VLAN kaza ne. Idan ƙunshi zai fita zuwa kwamfutar, suwic ya cire tambarin, wannan kuma shi ne abin da allon ke nufi da Untagged. Ɗaya na shiga, ɗaya na fita. A Cisco umarni guda ne ke yin duka biyun, shi ya sa wanda ya koya a kan Cisco ba ya ma sanin abubuwa biyu ne. A yawancin suwic na TP-Link da Netgear kuwa shafi biyu ne daban, kuma a nan na fi ganin mutane suna faɗuwa: mutum ya sa kafa a VLAN 20 a matsayin Untagged, ya bar PVID ɗinta a 1. Maganar kwamfutar ta shiga VLAN 1, kunnenta kuma yana VLAN 20. Ba za su taɓa haɗuwa ba.

Kafa iri ta biyu ita ce ta dako, wadda ke ɗaukar kayan VLAN da yawa a waya ɗaya, tsakanin suwic da suwic, ko suwic da rauta, ko suwic da na'urar Wi-Fi. Cisco na rubuta ta trunk, TP-Link kuma ya ce ka sa kafar a kowane VLAN a matsayin Tagged. A nan ba a cire tambari, tunda da shi ɗaya ɓangaren zai gane na wane ne.

To matsalarka ba za ta wuce wurare uku ba: PVID na kafofin ɗalibai, ko wayar da ta tafi rauta ba a sa ta Tagged a VLAN 20 ba, ko ita rautar ba ta san da zaman VLAN 20 ba, ba ta da adireshi a cikinsa balle ta raba wa wasu. Daga yadda ka bayyana, na fi zargin na ukun, don ba ka ambaci ka taɓa MikroTik ɗin ba. Kowane VLAN netwok ne mai zaman kansa. Shelar da kwamfuta ke yi tana neman DHCP ba ta tsallake iyakarsa, kuma dama wannan ce manufar.

Shawarata ka rufe allon, ka ɗauko takarda. Ga yadda zan tsara makaranta irin taku: 10 na ofis, 20 na ɗakin ɗalibai, 30 na kyamarori, 40 na Wi-Fi ɗin malamai, 50 na baƙi idan kuna ba iyaye da masu ziyara, 99 na gudanar da na'urorin netwok ɗin kansu, sai 999 wanda ba komai a cikinsa. Ka sa lambar VLAN ta fito a adireshi: ofis 10.10.10.0/24, ɗalibai 10.10.20.0/24, kyamarori 10.10.30.0/24, haka har ƙarshe. Duk ranar da aka kira ka a waya aka karanto maka adireshi, kana daga gida ka san inda na'urar take. Kowane rukuni zai ɗauki na'ura 254, ya ishe ku. Kada ka yi wa kowane aji nasa VLAN. Ana rabawa ne gwargwadon wanda bai kamata ya ga wani ba, ba gwargwadon yawan ɗakuna ba, kuma duk wanda ka ƙara, ka ƙara wa kanka dokokin da za ka riƙa kula da su.

Na zaɓi rukunin 10 ne da gangan. Rukunin 192.168 ya cika da 'yan gida: ƙananan rautoci suna zuwa da 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei masu layin waya 192.168.8.1, MikroTik 192.168.88.1, kyamarar Hikvision sabuwa 192.168.1.64, ta Dahua 192.168.1.108. Idan makarantar ta koma Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, farantinsa yana zaune a 192.168.100.1. Ka kauce musu tun yanzu.

A takardar ka rubuta kowace kafa da abin da ke jikinta, sannan ka bi wayoyin ka liƙa musu lamba a kai biyu. Wannan ne zai fi cinye maka lokaci, kuma ba shi da gajeriyar hanya.

Sai batun kada ka kulle kanka a waje. Ka yi aikin ranar Asabar, ba lokacin da akawu ke karɓar kuɗin makaranta ba. A kowace na'ura ka bar kafa ɗaya yadda take har ka gama, ta nan kake shiga. Cisco ɗin yana buƙatar wayar konsol; idan babu, ka nemo a shagunan kwamfuta na Beirut Road, ka buɗe ta da manhajar PuTTY a kan gudu 9600. Da ita ko ka ɓata komai za ka iya shiga. A Winbox, manhajar saita MikroTik, kuma akwai maɓallin Safe Mode: ka danna shi kafin kowane canji, idan haɗinka ya yanke rautar za ta warware abin da ka yi da kanta.

Ka fara da rauta. Ka zaɓi kafa ɗaya, a ce ether5, ka cire ta tukuna daga bridge, wato gadar da ta haɗa kafofin rautar wuri ɗaya. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa; VLAN da aka ɗora a kan kafar da har yanzu take cikin bridge ba ya aiki yadda ya kamata. Sannan:

/interface vlan add name=dalibai vlan-id=20 interface=ether5
/ip address add address=10.10.20.1/24 interface=dalibai

Ka shiga IP, DHCP Server, ka danna DHCP Setup, ka zaɓi dalibai, ka bi tambayoyin. Ka maimaita wa sauran. Akwai wata hanyar ta tace VLAN a cikin bridge, wadda ta zo tun RouterOS 6.41, ita ta fi dacewa idan kana so kafofin rautar da yawa su yi dako, amma ga waya ɗaya zuwa suwic, wannan ta wadatar.

A TP-Link: kafa 24 zuwa rauta, Tagged a 10, 20, 30, 40, 50 da 99. Kafa 23 zuwa Cisco, Tagged a 20 da 99 kawai, tunda ɗakin ɗalibai ba shi da hulɗa da sauran. Kafofin ofis Untagged a 10, PVID 10, kuma ka cire su daga VLAN 1 idan suwic ɗin ya yarda. Ka fara da kafa ɗaya, ka jona laftof, ka ga ta sami 10.10.10 da wani abu, sannan ka yi sauran. Adireshin suwic ɗin kansa ka mayar da shi VLAN 99 a ƙarshen ƙarshe, bayan ka tabbatar kana iya isa can.

Cisco na hannu yakan zo da tarihin inda ya fito. Umarnin write erase yana goge saiti amma ba ya goge jerin VLAN, domin suna cikin wani fayil daban. Sai ka ƙara da delete flash:vlan.dat, ka sake kunna shi. Bayan nan:

vlan 20
 name dalibai
vlan 99
vlan 999
interface range fa0/1 - 22
 switchport mode access
 switchport access vlan 20
 spanning-tree portfast
 spanning-tree bpduguard enable
interface gi0/1
 switchport mode trunk
 switchport trunk native vlan 999
 switchport trunk allowed vlan 20,99
 switchport nonegotiate
interface vlan 99
 ip address 10.10.99.3 255.255.255.0
 no shutdown
ip default-gateway 10.10.99.1

Layin switchport mode access yana da muhimmanci fiye da yadda yake gani. Kafar 2960 da ba a faɗa mata matsayinta ba tana iya yarda ta zama ta dako idan abin da aka jona ya nemi hakan, kuma yaro mai karambani da laftof zai iya nema. Shi kuma native shi ne VLAN ɗin da ke bin wayar dako ba tambari. An mayar da shi 999 ne don kada wani ya aiko ƙunshi mai tambari biyu, suwic na farko ya cire na sama, na biyu ya kai shi inda bai kamata ba. Dole ɓangarorin biyu su yi daidai, don haka PVID na kafa 23 a TP-Link ma ya zama 999. Kafofin da ba a amfani da su ka jefa su 999 ka kashe su. Kuma ka riƙe wannan da kyau: ranar da za ka ƙara VLAN a wayar dako, umarnin shi ne switchport trunk allowed vlan add 30. Idan ka manta kalmar add, sabon zai maye gurbin tsofaffin gaba ɗaya, har da wanda kake shiga ta cikinsa. Da show vlan brief da show interfaces trunk za ka ga abin da ka yi.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba ni hankalinka, don shi ne ainihin abin da ya kawo ka. Idan ka gama duk abin da na lissafa, kowa ya sami adireshi, intanet ta dawo, yaron nan zai iya sake buɗe fayilolin akawu. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su tafi gida da tunanin sun tsare wuri.

Ka ɗauki gidan gandu irin na cikin gari. Ka gina katanga, kowane sashe ya zama daban, amma duk sassan ƙofarsu tana buɗewa zuwa zaure ɗaya. Rauta ita ce zauren. Aikinta na asali shi ne ta sada netwok da netwok, kuma tunda ka ba ta adireshi a cikin kowane VLAN, duk wanda ya fito daga sashen ɗalibai ya ce ofis zai je, za ta nuna masa hanya. Dokokin da MikroTik ke zuwa da su daga kamfani suna tare baƙon da ya taso daga intanet ne, ba su hana na ciki zuwa wurin na ciki ba. Kai za ka zaunar da mai gadi:

/ip firewall filter add chain=forward in-interface=dalibai out-interface-list=!WAN action=drop

Ma'anarta: duk abin da ya fito daga ɗalibai, in ba intanet ya nufa ba, a yar da shi. Irinta za ka rubuta wa baƙi da Wi-Fi ɗin malamai. Ana karanta dokoki daga sama zuwa ƙasa, ta farko da ta dace ita ke aiki, don haka dokar da ke barin amsar haɗin da aka riga aka buɗe ta wuce, mai established da related, ta zauna a sama, duk wata alfarma kuma ta zo kafin dokar hani.

Akwai wani tarko a nan. A saitin kamfani akwai dokar da ke hana duk wanda ba ya cikin jerin LAN magana da ita kanta rautar. Sababbin VLAN ɗinka ba sa cikin jerin. Sakamakon yana rikita mutum: kwamfuta ta sami adireshi lafiya, amma shafi ba ya buɗewa, domin tambayar DNS da take yi wa rauta, wato neman adireshin shafi daga sunansa, ana yar da ita. Mafita mai sauƙi ita ce a zuba kowa a jerin LAN, kuma ban yarda da ita ba, domin ka buɗe wa ɗalibai ƙofar Winbox ke nan. Ka sa 99 kaɗai a jerin, sauran ka buɗe musu lamba 53, ƙofar da DNS ke bi, ta UDP da TCP a chain=input, sama da dokar hanin.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin ƙawa. A kwamfutar akawu akwai sunayen yara, lambobin iyayensu, da wanda ya biya da wanda ake bi bashi. Amana ce, kuma tun 2023 akwai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Ka kuma sa wa jakar fayilolin kalmar sirri a kan ita kanta kwamfutar. VLAN ba zai hana wanda ya shiga ofis ya zare wayar firinta ya jona tasa ba.

Kyamarori da na'urar naɗinsu, NVR, su zauna a VLAN ɗaya. Kyamara mai 1080p takan ci kamar megabit 2 zuwa 4 dare da rana. Idan ka raba su da NVR, duk wannan kaya sai ya hau waya ɗaya zuwa rauta ya dawo, a banza. Ka hana kyamarorin fita intanet kwata-kwata, ka bar NVR kaɗai ya fita don mai makaranta ya riƙa kallo a wayarsa, ka kuma buɗe wa kwamfutar shugaban makaranta hanya zuwa gare shi. Dalilin tsananin nan sananne ne: a 2016 cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da na'urorin naɗi a duniya ta hanyar kalmomin sirrin kamfani da ba a canja ba, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka.

Wi-Fi ba wuya. Kafar na'urar ta zama ta dako, sunan Wi-Fi ɗin malamai ya tafi 40, na baƙi ya tafi 50, ita na'urar kanta a 99. Sai dai ka duba tukuna ko naku sun san VLAN. UniFi da Omada sun sani, ƙananan rautocin gida da aka mayar na'urar Wi-Fi galibi ba su sani ba. Irin waɗannan ka ba kowacce kafa Untagged a VLAN ɗaya, ka kashe DHCP ɗinta.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi kashe netwok a makarantu da ofisoshin garin nan. Wani malami ya kawo rautarsa daga gida ya soka a bango don ya sami Wi-Fi a ofishinsa, ta fara raba adireshinta, rabin ginin ya tsaya. VLAN zai taƙaita ɓarnar a sashe ɗaya. Saitin DHCP snooping na suwic zai hana ta, idan ka kunna shi ka nuna masa kafar da ta nufi rauta ce kaɗai amintacciya. Na biyu shi ne zobe: yaro ya ga waya a ƙasa ya soka kai biyun a suwic ɗaya. Layin bpduguard da ke sama zai kashe kafar nan take, a TP-Link kuma ka kunna RSTP ko Loopback Detection.

Za a kawo maka ƙorafin firinta, ka shirya. Wayar hannu da laftof suna gano firinta ne ta wata shela da ba ta tsallake VLAN, don haka malamai za su ce ta ɓace. Ka ba ta adireshi tsayayye, ka rubuta doka ɗaya da ta bar 40 ya isa wannan adireshin kaɗai, ka sa musu ita da lambar IP.

Gwajin da zan yarda da shi shi ne ka zauna a kujerar ɗalibi: ka buɗe shafi ya buɗe, ka yi ping, wato gwajin kira, zuwa kwamfutar akawu ya ƙi, ka gwada shiga suwic da rauta su ƙi. Sannan ka adana. MikroTik yana adanawa da kansa da zarar ka fita daga Safe Mode, amma Cisco sai ka rubuta copy running-config startup-config, TP-Link kuma yana da maɓallin Save nasa daban da Apply. A garin da ake sauyawa tsakanin wutar gari da inji da inbata sau da yawa a yini, saitin da ba a adana ba ba zai kwana ba. Don haka ka zare wutar na'urorin uku da hannunka, ka mayar, ka sake gwajin daga farko. Idan ya tsaya, ka fitar da kwafin saitin kowacce, a MikroTik da umarnin /export, ka haɗa da hoton takardar kafofin nan. Kwafi ɗaya a wurinka, ɗaya kuma tare da kalmomin sirri a ambulan a hannun mai makarantar.